Kabarin Aro a Tsibirin Kyaftin Manoli

A duk unguwar Hausawan Fatakwal ni kaɗai na taɓa taka ƙasar Girka, kuma ban taɓa ɗaukar wannan abin alfahari ba. Mutum yana iya zama shi kaɗai ya taɓa faɗawa masai a unguwarsu.

Sunana Dogara. Shekara ashirin da biyu ina aikin tafinta tsakanin mahautan kasuwar Mil Uku da jiragen ruwan da ke sayen nama a hannunsu. Mahauta suna da wuƙa, ba su da Turanci. Turawan jirgi suna da yunwa, ba su da Hausa. Ni ina tsaye a tsakiya ina shaƙar warin ɓangarorin biyu. Abin kirkin da na samu a aikin shi ne littattafai, don duk matuƙin da ya gama da nasa yakan jefo mini. Na karanta su duka, har da waɗanda ba su cancanci a naɗe tsire da su ba.

A nan na san Kyaftin Manoli, gajeren Bagirke mai gashi har cikin kunne, wanda ke ɗaukar katako da gyaɗa zuwa ƙasarsu sau biyu a shekara. Shekara uku kafin a ba mu mulkin kai ya ji ni da mai ɗakina, Sakinatu, muna shirin Hajji. Ya ce mu bi shi, daga ƙasarsu jirgin Masar ba ya wuya, daga Masar kuma sai Jidda. Na duba taswira na ga gaskiyarsa. Taswira ba ta nuna zazzaɓi.

Ta kwanta bayan mun kwana goma sha biyu a teku. Kyaftin ya karkata jirgi zuwa ɗan tsibirin da aka haife shi, wai akwai likita. Akwai likita, amma ya haye wani tsibirin cin biki. Uwar kyaftin, wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya mai suna Marika, ta kwantar da ita a kan gadonta ta yi jinyarta kwana huɗu. A na biyar ta rasu.

Ni na yi mata wanka, don babu Musulma ko ɗaya a garin. Na naɗe ta a likkafanin da ta ɗinka don ta tsoma a Zamzam. Na yi mata salla ni kaɗai, mata kusan talatin suna bayana suna zana gicciye a ƙirjinsu. Garin dutse ne zalla, babu inda diga ke shiga sai wani ɗan fili a kan tudu wanda bai fi shingen tumaki ba. Tsohuwar ta kai ni can. Ta buga ƙirjinta, ta nuna wani gurbi a jikin katanga, ta nuna gawa. Na gane nata ne ta bayar, na yi godiya. Na kwantar da matata ta fuskanci alƙibla, na ɗora dutse ɗaya, na wuce Makka, na dawo gida. Ban koma ba. Mu ba ma komawa. Wanda aka rufe an rufe shi sai ranar da za a busa ƙaho.

Haka na sani har wata Laraba da hantsi, a shekarar da ake ta ɗinkin sabuwar tuta. Ina tsaye a tashar jirgi, kyaftin yana danna babban yatsansa a cinyar naman sa don ya ji ko ta kwana.

"Malam Dogara, shekara uku ta cika," in ji shi da gurgun Turancinsa.

"Ta cika me?"

"Madam. Lokacin ɗaga ta ya yi."

Sai ya yi mini bayani, yana murmushi kamar mai gayyatar suna. A garinsu ba a barin mutum a ƙasa ya wuce shekara uku, don ƙasar ta yi kaɗan. Sai a tone, mata su tsince ƙasusuwan, su wanke su da giyar inabi, su shanya, su zuba a akwati, a jera a wani ɗaki bayan coci kamar kwalayen sabulu a kanti. Gurbin kuma mai shi ya karɓi abinsa. Ashe ba kyauta aka yi mini ba. Aro aka ba ni.

"Mama ta tsufa," in ji shi. "Tana son wani daga dangin Madam ya zo."

Littattafan Larabawa cike suke da yabon masu hikimar Yunan, wato Girka. Ga jikansu a gabana, da maiƙon sa a yatsa, yana faɗa mini za a jiƙa matata a giya.

Na dubi ƙasa. Na yi shiru mai tsawon da ko akuya za ta gane. Sannan na ce, "To, sai mun yi shawara." Babu Bahaushen da zai ji wannan ya sake tayar da maganar. Kyaftin ya daki kafaɗata da hannun da ya taɓa nama ya ce jirgi zai tashi nan da kwana tara. Na zaga bayan tarin katako na mayar da kokon da na sha.

Dole wani ya je ya hana tsohuwar. Na ce wa mutane ƙafata ce ta hana ni. Ƙafata tana ciwo, gaskiya ne, amma ita ta kai ni Anaca washegari ba ta yi gardama ba. Tudun nan ne ba zan iya sake hawa ba.

A babbar kasuwar Anaca na sami Yero, ƙanin Sakinatu uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauci ne, ƙato, a nan aka haife shi, yana cinikin nama da Inyamuranci yana zagi da Hausa. Yana hango ni ya soke wuƙa a kututture.

"Yaya Malam. An ce ka mutu, ashe littafi ne ya danne ka."

"Da na mutu da ka sani, don kai za a fara hanawa shiga ɗakina."

Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan Fatakwal, na tambayi iyali. Sannan na ja shi gefe na faɗa masa.

"Da giya?"

"Da giya."

"Ita da ko warin burukutu ta ji sai ta sake hanya."

"Ita."

"Yaushe jirgin zai tashi?"

Wannan ya sa na yafe masa abubuwa da yawa. Amma kafin mu kai tashar mota ya riga ya tambaye ni ko gaskiya ne matan can a teku suke wanka, kuma wace hula ce za ta fi dacewa. Na gane in ban rubuta masa komai ba, zai je ya dawo da labarin wanka. Don haka yayin da ake neman masa fasfo na zauna na cika takarda huɗu da ajami, na karanta masa a ɗakina a unguwar Diyobu, ranar da ya rage kwana ɗaya jirgi ya tashi.

"A jirgi," na karanta, "ka shimfiɗa tabarmarka a sama, inda iska ke busowa kafin ta bi ta kicin. Kada ka leƙa tukunyarsu, ko mai dahuwa ya kira ka. Ka tafi da kilishi, da garin rogo, da yaji, da butarka. Goro ba zai wuce kwana goma ba, ka ci abinka kada ka yi rowa da kanka. Kada ka tayar wa kyaftin maganar da ta kai ka. Mutumin da zai riƙe ka kwana ashirin a kan ruwa marar gindi ba a ɓata masa rai, kuma ba shi ke da kabarin ba.

"Babban jirgi ba ya isa gaɓa, kwalekwale ne zai zo ya ɗauke ka. Ka tuɓe babbar riga ka naɗe ta a ka. Masu kwalekwalen warin tafarnuwa suke yi, ka juya fuska ka yi haƙuri. Matakalar tasha tana da santsin hanjin kifi, ka hau da hannu da ƙafa, kada ka ji kunya.

"Daga nesa za ka ga garin fari fat, ka ce a ranka ga masu tsabta. Farar ƙasa ce suke shafawa. Ka jira hancinka ya iso. A bakin tasha za ka ga igiya an shanya wasu abubuwa kamar tsummokaran wanke-wanke. Ba tsumma ba ne. Wata halitta ce ta ruwa mai hannu takwas, sukan yi ta maka ta da dutse har ta yi laushi, sannan su ci."

"Ɗanya?" in ji Yero.

"Ban tsaya na gani ba."

"Ai kamata ya yi ka tsaya. Ni a sana'ata ba a raina nama sai an ga yankansa."

"Ba a yanka ta. Ba ta da wuya."

Na ci gaba.

"Lungunansu matakala ne, faɗinsu na jaki ɗaya, kuma jakin ya san haka. In ka ji kofato ka manne da bango ta ɓangaren tudu. Babu kogi, babu rijiya. Ruwan sama suke tarawa a rami ƙarƙashin gida, ya shekara. Ka duba kofi kafin ka sha. In ka ga wani abu yana iyo, za su ce alamar ruwa mai daɗi ce. Alwala ka gangara teku, ya halatta, kuma ba mai bin ka da ido yana lissafin abin da ka zubar. Bayan gida ba zan rubuta ba, za ka gane shi da kanka. Alƙibla: ka fuskanci tasha, ka karkata dama har ka ga rusasshen injin niƙa mai fukafukai.

"Abin da za ka ci: burodi, zaitun, cukun akuya, ƙwai, ɓaure, da kifi in ka ga ɓawonsa da idonka. Nama a'a. Duk abin da ka gani ja a kofi giya ce. Wanda ka gani garau kamar ruwa, aka ƙara masa ruwa ya koma fari kamar nono, ya fi jan sharri. In za ka ƙi abu, ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗaga haɓa sama. Duk gidan da ka shiga za su ba ka cokali ɗaya na ɓawon lemo da aka dafa da sukari, da kofin ruwa. Ka sha. Shi kaɗai ne abin da na samu a ƙasar da ban yi nadamarsa ba.

"Daga azahar zuwa la'asar garin duka barci yake, har karnuka. Kada ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa. In tsohuwa ta dube ka ta tofa yawu sau uku, kada ka zage ta. Wai kare ka take yi daga kambun baka. Ka goge ka wuce."

"Wato in an so ka a tofa maka yawu, in ka mutu a zuba maka giya."

"Ka fara ganewa. Yanzu ka buɗe kunne, wannan ita ce babbar."

Na karanta ta a hankali, don ita na fi alfahari da ita.

"Kada ka faɗi abin da ya kawo ka sai ka kwana uku. Tsohuwar nan ta yi jinyar yayarka a kan gadonta, ta ba ta makwancinta. Ba a shiga gidan irin wannan da a'a a baki. Ka gaisa, ka ba ta tsaraba, ka ci abincinta, ka gaida maƙwabta. Rana ta uku ka kai wannan wasiƙa wurin malamin makarantar garin, shi ke jin Turanci, ya karanta mata."

Wasiƙar ta ɗauke ni kwana biyu. Na gode mata a ciki, na yi mata bayanin cewa a addininmu gawa tana da alfarma irin ta mai rai, na roƙe ta ta bar baƙuwarta ta kwanta. Na ce ga ƙaninta nan, ƙarfinsa na mutum uku, zai fasa mata sabon gurbi a cikin dutse da hannunsa, ko zai ɗauke shi wata guda. Wasiƙa ce mai kyau. Har yanzu ina ganin haka.

Yero ya sa ta a aljihun ƙirji, ya ɗauki turmin atamfa da matashin jar fata na tsaraba, ya hau jirgi da hular da ba ta dace ba.

Wata uku babu labari. Damina ta sauka, irin ta Fatakwal, wadda ke sa littafi ya yi gemu. Na ci gaba da tsayuwa tsakanin mahauta da matuƙa. Duk inda na ga ana ɗauraye ƙashi a kwata, wurin yanka, sai in kau da kai, ni da na shekara ashirin da biyu ina taka jini.

Ya dawo wata Talata bayan azahar, ana tsuga ruwa. Na ji sallama, na ɗaga labule, na gan shi da abu a ka an lulluɓe da tamfol. Ya yi ƙiba. Wannan na fara lura da shi, kuma ban ji daɗinsa ba. Ya shigo ya sauke abin a hankali a kan tabarma, ya janye tamfol. Akwati ne na katako, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, da rubutun Girkanci a jikinsa da baƙin fenti.

Muka gaisa. Na tambayi hanya, ya ce lafiya. Na tambayi gajiya, ya ce babu. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi ruwa, na ce ruwa ya yi gyara. Akwatin yana tsakaninmu, babu wanda ya dube shi. Da gaisuwa ta ƙare, babu sauran wurin ɓuya.

"Faɗi," na ce.

"Ran Juma'a da la'asar muka isa. Duk yadda ka rubuta, Yaya, haka na tarar, har tsummokaran. Kyaftin ya riga ni hawa, yana kiran uwarsa tun daga lungu. Ta fito ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbace ni nan da nan, tana kuka. Na ba ta atamfa. Aka ba ni cokalin lemon. Gida bakwai na shiga ran nan, cokali bakwai."

"Na ga alama."

"Washegari Asabar da safe suka ɗaura mini baƙin ƙyalle a hannu, muka kama hanyar tudu, ni da ita da kyaftin da limaminsu. Na ce a raina ziyara za a kai ni. Har na ji daɗi, na fara karanta mata Ƙulhuwa a hanya. Muna shiga na tarar an riga an buɗe. Mata uku a cikin ramin, sun ajiye shebur, da hannu suke yi."

"Wasiƙa tana ina?"

"A aljihuna."

"Me ya hana ka fito da ita?"

"Ka ce kwana uku."

"Ka ga kabari a buɗe kana ƙirga kwana?"

"Ban ƙirga ba, Yaya. Na yi ihu. Na ce su bari da Hausa, na faɗa da Inyamuranci, na faɗa da Turancin kasuwa. Na ɗora hannu a ƙirji na ɗaga haɓa har wuyana ya yi ƙara. Sai suka ɗauka kukan mutuwa nake. Matan suka taso suka rirriƙe ni, suka kama nasu kukan, suna taya ni. Kyaftin ya cire hula yana shafa bayana yana cewa in yi kuka, kuka magani ne. Ni da ke kayar da bijimi, tsofaffi shida suka zaunar da ni a ƙasa. Kafin in ƙwace sun fito da ƙoƙon kanta."

Ruwa yana dukan kwano. Na ce ya ci gaba.

"Tsohuwar ce ta karɓa. Ta goge shi da farin ƙyalle, ta sumbaci goshin, ta ɗaga wa mutane su gani. Kyaftin ya ce mini murna suke yi, ƙashin ya fita tas babu ragowar nama, a wurinsu alamar an gafarta wa mutum ce. Sannan aka kawo tasa da tulun giyar."

"Ya isa."

"Na rufe ido, Yaya. Amma hanci ba ya rufuwa."

"Na ce ya isa."

Can ya ce, "Akwai saura, kuma gara ka ji daga bakina. Rana ta uku na kai wasiƙar."

"Bayan an gama."

"Ka ce in kai, na kai. Malamin makaranta ya zo gidan ya karanta mata. Tana tsaye ta fara ji, ta ƙare a zaune a ƙasa. Sai ta yi ta magana tana dukan cinyarta, malamin yana juya mini. Ta ce to me ya kawo ni? Ta ce ta yi rantsuwa tun ran da aka rufe Yaya Sakinatu ba za a taɓa baƙuwa ba sai danginta sun zo sun tsaya a kai, don haka ake yi. Ta ce ta riga ta nemar wa kanta gurbi wurin ƙanwarta, ko da ba wanda ya zo. Shekara uku duk Asabar tana hawa tudun nan tana kunna mata fitila. Da ɗanta ya ce mijin ya yarda, ga ƙaninta ya aiko, sai ta ce to mutanen kirki ne, ba su manta da tasu ba."

"Ni na yarda?"

"Haka kyaftin ya ce. Ya ce ya faɗa maka, ba ka ce a'a ba, ka kuma turo ni da tsaraba."

Da na yi zamana a ɗakina ina karanta tarkacen matuƙa, da tana nan kwance a jikin katanga tana fuskantar gabas. Na hau lori zuwa Anaca da ƙafa mai ciwo, na nemi fasfo, na cika takarda huɗu da hikima, duk don in aika musu abu ɗaya da suke jira kafin su ɗauki shebur. Na karanta littafi ya fi ɗari uku. Babu wanda ya koya mini in buɗe baki in ce wa gajeren mutum a'a.

"Ta ce a mayar da ita," in ji Yero. "Har ta aika a kira masu tonon. Na ce a'a. Wannan karon malamin yana kusa, na sa ya faɗa mata sau uku. Tsohuwar ba za ta shekara biyu ba, Yaya, ka ga hannunta. In ta mutu wa zai tsare wurin? Na ce a ba ni yayata in kai ta gida. A jirgi ban ajiye ta a ƙasa ba ko sau ɗaya."

Wannan ba ya cikin takarda huɗun. Shi kaɗai ne abin hankali da aka yi a tafiyar.

Na buɗe akwatin. An naɗe ƙasusuwan a farin ƙyalle mai surfani a gefe, an zuba ganyen ɗoɗɗoya a kai. Ƙarƙashin ƙamshin ganyen akwai wani tsami-tsami, kaɗan ne, amma na san shi, shi ke fita daga bakin matuƙa da safe. Na ɗaga gefen ƙyallen. Wushiryarta tana nan. Na mayar na rufe.

Na ce wa Yero ya ɗebo ruwa bokiti uku da sabulu. Maimakon ruwa sai ya dawo da Liman Bubayero, tsohon da ke ja mana salla tun kafin a yi kwalta a Diyobu. Liman ya ji labarin duka bai katse ba.

"Wanke ta zan yi," na ce.

"An yi mata wanka sau ɗaya, Malam Dogara, kuma kai ka yi shi. Wancan na biyun ba a kanta aka rubuta shi ba. An taɓa ta ya isa. A rufe ta yau."

"Warin fa?"

"Kai ke jin sa. Ita ta wuce nan."

Ban yarda da shi ba, amma na bi. Abu ɗaya na ƙi: ba za ta shiga ƙasa cikin ƙyallensu ba. Na buɗe adakata na ciro likkafanina, wanda na tsoma a Zamzam a Hajjin da na yi ni kaɗai, na shimfiɗa. Ni da Yero muka kwashe ta zuwa ciki, Liman ya juya mana baya. Ƙyallen mai surfani Yero ya ninke ya sa a aljihu. Na gani, ban ce komai ba.

Bayan la'asar muka kai ta maƙabartar Hausawa, mu tara. Ƙasar Fatakwal ba ta fi ta Girka mutunci ba. Can dutse ya hana ka shiga, nan kana tona kamu biyu ruwa ya taso ya tarye ka. Yero ya shiga ramin yana kwarfewa da kwano, ana tonawa yana kwarfewa, har aka samu ya tsaya. Ya karɓe ta ya kwantar. Aka jera itace, aka tura laka.

Da aka shafa fatiha na matsa kusa da Liman.

"Wannan gurbin na wane ne?"

"Na wa kuwa? Nata ne."

"Ba aro ba ne? Babu wanda zai zo nan da shekara uku?"

Ya dube ni yadda ake duban wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. "Babu, Malam."

"Ina so ka faɗa da baki."

"Babu mai zuwa."

Yero ya koma Anaca ya bar mini takarduna huɗu, sun sha gishirin teku. Bara wani dillalin fata daga kasuwar Ogbete ta Inugu ya zo, wai wani Bagirke ya gayyace shi ƙasarsu, an ce ni ke da sanin hanya. Na ba shi su ya kwafa. Maganar jaki da ruwa da tsummokara duk na bar su yadda suke, don gaskiya ne. Ta ƙarshen na soke ta, na rubuta a ƙasanta: ka faɗi abin da ya kawo ka tun kana cikin kwalekwale, da ƙarfi, kafin ka gaisa da kowa. In a'a ce, ka ce a'a, ka sa a juya musu, ka sa su maimaita. Ya karanta ya ce wannan ai rashin tarbiyya ne. Na ce haka ne.

Kyaftin Manoli yana zuwa har yanzu, ina juya masa maganar cinyar sa. Ya ce uwarsa ta shiga gurbinta da sanyin bara. Na yi masa ta'aziyya, da gaske kuma na yi.

Duk Juma'a bayan an sauko nakan bi ta maƙabarta. Mutanen unguwa suna cewa Dogara ya koyo ɗabi'ar Turawa, yana kai wa matarsa ziyara. Ba ziyara nake ba. Dubawa nake ko an taɓa ƙasar.